Gangaren Ƙofar Inna

Tun ranar da aka sallamo Tela daga asibiti a kan keken guragu, matarsa Auta ta daina kuka, ta kuma daina dariya. Takan juya shi, ta yi masa wanka, ta shafa masa mai a gadon baya, sannan ta zauna tana kallon keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da tsohon zani. Matakalar ƙofar gidan tana da tsawo, sai an sami ƙarti sun ɗaga shi kafin ya fita. Da ya ga haka, sai ya daina neman fita.

Wata safiya yayan Auta ya zo, ko zama bai yi ba.

"Auta, haɗa kayanki. Baba ya ce ya isa haka. Aure muka ba da ke, ba jinya ba."

"To, Yaya," ta ce, ba ta motsa ba.

"To ɗin me? To za ki tashi, ko to kin ji?"

Daga ɗaki Tela ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bi shi, Auta. Wanda ba ya iya kai kansa ƙofa, da me zai riƙe mace?"

Maganar ta wuce ta kamar da wata ake yi.

Ana cikin haka aka yi sallama. 'Yan sa-kai ne masu gina wa naƙasassu gangaren siminti a ƙofar gida kyauta, waɗanda Auta ta roƙa tun Tela yana asibiti. Shugabansu wani dattijon magini ne. Inna, mahaifiyar Tela, ta tare ƙofa.

"Ba za a zuba siminti a ƙofata ba! Siminti in ya bushe ya bushe. So kuke ku shaida wa duniya ɗana ya gama tafiya?"

"Inna, ba ma zuba komai tukuna," in ji Magini. "Ƙa'idarmu ita ce mu jera katako, mai keken ya hau da hannunsa, ba mai tura shi. Sai ya hau muke kwaɓa siminti."

Inna ba ta ce e ba, amma ta kauce. Aka sauko da Tela kan titi, yana ƙifta ido don hasken rana. Aka jera katakon. Ya tura keken, ya kai tsakiya, keken ya dawo da shi baya. Ya sake, ya sake dawowa.

"Oga, wannan ai tsauni ne!" in ji wani cikin masu aikin. "Ko mota sai ta sa giya lamba ɗaya!"

Auta ta matsa za ta tura mijinta. Magini ya ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. Ranar da ba kya nan fa?"

Magini bai san abin da ake ciki a gidan ba. Yaya ya kalli ƙanwarsa. Tela ya sunkuyar da kai.

Magini ya sake awo. "Laifin ba na hannunsa ba ne, katakon ne ya miƙe da yawa. Gangaren yana buƙatar tsawo, kuma ba inda zai bi sai ta nan." Ya nuna dakalin da ke gefen ƙofa.

Dakalin marigayi mahaifin Tela ne. Kullum Inna takan share shi, ba ta barin kowa ya zauna a kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli tafin hannun ɗanta, ya saɓule yana jini.

"Mai dakalin ya tafi, ba zai dawo ya zauna ba," ta ce. "Wannan kuwa da ransa. Ku fasa."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta ji ƙarar guduma.

Da aka tsawaita katakon, Tela ya tura a hankali, jijiyoyin wuyansa sun fito, har ya kai bakin ƙofa shi kaɗai. Ya juyo yana haki.

"Auta, na janye maganata. Kada ki tafi. Za a mayar da keken ɗinkin na hannu, gobe ina shago."

"Ba gobe ba, Malam!" in ji Magini. "Sai simintin ya sha ruwa safe da yamma ya yi ƙarfi, in ba haka ba ya tsage."

Sai a lokacin hawaye ya zubo wa Auta, ta bar shi yana zuba, ba ta share ba.

Yaya ya yi gyaran murya. "To ni me zan ce wa Baba?"

"Ka gaishe shi, Yaya. Ka ce ina ba siminti ruwa."

Yaya ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗauki bokitin yashi.

Haka haƙurin Auta ya yi mata rana. Dangi kan so mutum har son ya tare masa ƙofa. Mai ƙauna ta gaskiya shi ne wanda ya yarda a fasa abin da yake ji da shi, domin mai rai ya sami hanyar wucewa.