Ɓarawon Da Ya Bar Famfo Yana Ɗiga

Da safiyar Litinin Misis Opal Hensley ta kira ofishin 'yan sanda na Dayton, a jihar Ohio, ta ce an sace mata agogo. Wanda ya ɗauki wayar ya tambaye ta ko na hannu ne. Ta ce in da na hannu ne, da ba ta ɓata wa hukuma lokaci ba.

Sufeto Lamar Prewitt ya isa gidan tare da Saje Yolanda Ibarra, suka tarar da tsohuwar tana jiransu. Watan Janairu ne, ƙanƙara ta binne allon "Na Sayarwa" har wuya. Ba kowa a gidan tun da mijin tsohuwar ya rasu ta koma wurin ɗanta. An kwashe komai sai agogon bango da surukinta ya sassaƙa da hannunsa, don an ce mata gidan da ake jin ƙarar agogo ya fi saurin samun mai saye. Yanzu sai ƙusa da inuwarsa a jikin fenti.

Ba a ɓalle ƙofa ba. Mabuɗin yana cikin ɗan akwatin ƙarfen da dillalai ke ratayewa a ƙofa, an mayar da shi an rufe.

"Wa ya san lambar akwatin?" in ji Prewitt.

"Duk dillalin da ya kira ya tambaya, ɗana. Ina jin har da waɗanda suka mutu," in ji Misis Hensley.

A kan teburin kicin akwai kati guda ɗaya, don al'adar dillalai ce duk wanda ya shiga gida ya bar katinsa. An rubuta: Renata Salcedo. Rabin la'adata naka ne.

"To mun gama," in ji Ibarra. "Ɓarawo ya bar adireshi. Da kowa zai yi haka, da na yi ƙiba."

Ta miƙa hannu za ta kashe famfon da ke ɗiga. Prewitt ya riƙe mata hannun riga. Ya duƙa. Ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfon duk a buɗe suke. Ya leƙa banɗaki, can ma haka.

"Madam, ke kika bar su haka?"

"Ni? Ɗana ne ke biyan kuɗin ruwa, kuma ba ya biya da fara'a. Marigayi ne ya san harkar bututu. Ni kashewa na sani."

Prewitt ya daɗe yana kallon ruwan.

Ofishin Renata Salcedo ɗaki ne guda a saman shagon tayoyi. Mace ce da ta haura arba'in, ta zo daga Phoenix, garin zafi, kuma har yanzu tana zama da rigar sanyi biyu kamar garin ya yi mata laifi. Waya biyu ne a gabanta, duk suna ƙara.

"Ban taɓa shiga gidan ba," in ji ta.

"Maƙwabciya ta ga mota da hotonki a jiki ranar Alhamis," in ji Ibarra. "Hoton ya fi ki murmushi, amma ke ce."

Renata ta kife wayoyin.

"To, na shiga. Da masu sayena, Desmond Fairley da matarsa. Ban nemi izini ba, shi ya sa na ce ban je ba. Dillalin gidan ba ya ɗaukar wayata. Rabin dillalan garin nan ba sa ɗauka. Wata ce ta ba ni lambar a ɓoye. Agogon yana nan lokacin da muka fita, har yaransu suka tsaya suna kallonsa."

"Kika bar kati?"

"Yallabai, wa ke shiga a ɓoye ya bar kati?"

"Me ya sa ba sa ɗaukar wayarki?"

"Don ina mayar wa mai saye rabin la'adata. Doka ta yarda, banki ya sani, a rubuce yake. Mutum ya shekara goma yana tara kuɗin gida, ranar da ya karɓi mabuɗi ba shi da na sayen firiji. Ni na ba shi na firijin. Su kuma kyautarsu ita ce kwandon 'ya'yan itace da kalanda."

"Ke kuma me kike samu?"

"Hawan jini. Sai na sayar da gida biyu in ci abin da suke ci a ɗaya. Ba na yawo da kowa a mota. Ka nemo gidanka a waya, ni in buɗe ƙofa in yi ciniki in cike takardu. Ban yaudari kowa ba." Muryarta ta sauka. "Sufeto, in sunana ya hau takardar tuhumar sata, ko da an wanke ni daga baya, lasisina ya tafi. Ina da 'ya a jami'a. Ba ni da wata sana'ar."

Prewitt ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Tambaya ɗaya. Gida ba kowa, sanyi ya tsananta. Me za ki yi wa famfon kicin?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta launin iska.

"In kashe shi mana. Me ake yi wa famfo?"

A matakala Ibarra ta ce, "Ta yi mana ƙarya."

"Ta yi. Amma ba ta san sanyi ba."

Desmond Fairley direban bas ne, matarsa Tamika tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Suna haya a ɗaki biyu da yara uku, kuma an riga an fara cika kwalaye saboda tsabar sa rai.

"Renata ce dillaliyarmu tun farko," in ji Desmond. "Ba mu taɓa hulɗa da wani ba."

Prewitt ya nemi ruwan sha, ya bi Tamika kicin. A jikin firiji akwai kalandar maganaɗisu mai hoton wani dattijo da baƙar hula: Harlan Voss, Dillalin Iyali. Irinta ce a jikin firijin Prewitt. Duk Disamba take zuwa, ko an nema ko ba a nema ba.

Ya ciro ta ya ajiye a gaban Desmond.

"Ai kowa yana da ita," in ji Desmond.

"Des, ka daina," in ji Tamika. "Ƙarya ba ta yi maka kyau, kunnuwanka motsi suke yi." Ta juyo. "Shekara ɗaya da rabi Mista Voss yana yawo da mu, Yallabai. Kowace Asabar, a motarsa, da mansa. Yana saya wa yara cincin. Yana rarrafawa ƙarƙashin gidaje da fitila, a shekarunsa. Sau biyu ya hana mu sayen gidan da muke so, kuma sau biyun ya yi gaskiya. Shi ya fara nuna mana gidan Misis Hensley."

"Kun sa hannu da shi?"

"Ba ya sa kowa sa hannu. Musabaha kawai yake yi."

"Sai kuka koma wurin Renata."

Desmond ya shafa ƙeya. "Rufin gidan yana buƙatar gyara. Abin da Renata za ta mayar mana shi ne kuɗin rufin. Na tambayi Mista Voss ko zai ɗan rage wani abu, ya dube ni kamar na nemi ƙodarsa. Ya ce shi ba mai gwanjo ba ne. To ni fa? Ina son mutumin nan, wallahi. Amma ruwan sama ba ya tambayar wa kake so."

"Yaya kuka sanar da shi?"

Ƙaramin yaron ya ja kwali ya wuce.

"Ba mu sanar da shi ba," in ji Tamika. "Katin Renata ne ya faɗo daga aljihun wannan gwanin a kujerar motarsa. Ya ɗauka ya karanta, ya sa a aljihu, ya kai mu har ƙofar gida. Har sai da safe ya yi wa yara."

A mota Ibarra ta lura Sufeto bai kunna rediyo ba.

"Ka san shi?"

"Shi ya sayar mini da gidana. Lokacin ina kurtu, bankuna uku sun kore ni. Ya kai ni na huɗu da kansa, ya zauna a ofishin manaja ya ƙi tashi." Ya tayar da mota. "Ranar da na karɓi mabuɗi ya kama hannuna ya kai ni kicin. Ya ce, yaro, in sanyi ya yi tsanani, buɗe kabad ɗin nan ɗumi ya shiga, ka bar ruwa yana ɗiga, kada ya daskare ya fasa bututu. Bututu ba ya yafe wa kowa."

"Rabin Ohio sun san wannan."

"Sun sani. Amma nawa ne za su tsaya yi a gidan da suka shiga sata?"

Ofishin Harlan Voss yana kan babban titi, tsakanin shagon da ya rufe da wanda ke shirin rufewa. Bangon cike yake da hotunan iyalai riƙe da mabuɗi. Prewitt ya hango kansa a ciki, da gashi.

"Lamar!" in ji dattijon. "Yaya rufin gareji? Na ce maka ka canza shi, ka ƙi ji. Madam, zauna. Kina haya ne? Fuskarki ta masu haya ce."

"Mista Voss, yaushe rabonka da gidan Hensley?"

"Tun kafin Kirsimeti."

"Jiya Lahadi fa?"

"Coci, sai gida. Ina kuma za ni? Masu saye yanzu ba dillali suke nema ba, gyara suke nema, kamar masu sayen gyaɗa." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ka san ba a biyanmu sai an sayar? Ka yi shekara kana yi wa mutum hidima, ranar ƙarshe wata ta zo ta buɗe ƙofa ɗaya ta kwashe. Ta raba da shi, a kira ta mai tausayi. Ba kuɗinta take rabawa ba, Lamar. Asabar ɗina take rabawa."

"An samu katinta a gidan."

"To ka gani. Ga ɓarauniyarka nan."

"Ban ce maka an yi sata ba, Mista Voss."

Dattijon ya buɗe baki. Kafin ya sami abin faɗa, daga ɗakin ajiya inda yake tara allunan talla, wata murya mai zurfi ta fara buga sha biyun rana. Agogon bai yi gaggawa ba, sai da ya kai ƙarshe.

Ibarra ta buɗe ƙofar. Yana rataye a bango, a miƙe sarai, an share masa ƙura.

"Da ka tsayar da shi, da ba mu ji ba," in ji ta.

"Irin wannan ba a barinsa ya tsaya," in ji Voss, da ɗan fushi. "Man cikinsa daskarewa yake yi."

Sai ya zauna a hankali, ya cire tabarau.

"Ba sayarwa zan yi ba. Na ce bayan mako biyu in ajiye shi a ƙofar coci. So nake a kira ta gaban hukumar lasisi, ta ji yadda ake ji in ƙasa ta zame wa mutum. Na ajiye katin, na ɗauki agogon, har na kai ƙofa. Sai na ji sanyin kicin ɗin. Bangonsa na arewa ne, Lamar, bututun a jikin bango yake. Da kafin Talata ya fashe, ruwa ya ci daɓen tsohuwar nan. Me ta yi mini?"

"Renata me ta yi maka?"

Ya daɗe yana murza tabarau.

"Ba komai. Ta sayar da abin da mutane ke iya saye. Su Desmond ma ba su yi laifi ba, rufin yana son gyara, ni na faɗa musu. Da na rage musu. Girman kai ne, kuma ga inda ya sauke ni."

Prewitt ya faɗa masa haƙƙoƙinsa kamar yadda doka ta ce. Bai taɓa jin kalmomin sun yi masa tsawo haka ba. Ya ce wa Ibarra ta kira Renata Salcedo ta gaya mata sunanta ba zai hau kowace takarda ba.

"In kin same ta," in ji Voss, "ki ce ta sauka ɗakin ƙasa na gidan Hensley da fitila. Bayan injin ɗumama gida akwai tsaga a bango. Kada ta bar yaran nan su biya kuɗin da aka sa. Ba ta gani ba, na sani. Ba ta da lokacin sauka."

Ibarra ta dubi Sufeto. Ya ɗaga mata kai. Ta ciro ankwa, shi kuma ya girgiza kai.

"In kin ɗaure shi, wa zai ɗauki agogon? Ke kin iya?"

Voss ya cire ƙarfen da ke lilo a cikin agogon, ya naɗe shi a hularsa, ya rungumi agogon a ƙirji. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Lamar, sanyi zai ƙaru, kuma ban san yaushe zan dawo ba."

Prewitt ya koma ciki. Ya kashe fitilu, ya shiga ɗan kicin ɗin ofishin ya buɗe kabad, ya murɗa famfo har ya fara ɗiga. Sannan ya fito ya buɗe wa dattijon ƙofar baya ta motar.