Teburin da Ya Koma Ja

Ranar da ya fara shigowa maɗaba'ar, Auta tana durƙushe tana tsince takardun da fanka ta watsar. Takalminsa ta fara gani, sannan hannunsa yana miƙo mata shafi na bakwai. Da ta ɗago, sai ta manta inda ta ajiye na shida.

"Ke ce za ki yanke mini hukunci?" ya ce yana murmushi.

Ita ce kuwa. Manaja ya gaji da makarar ayyuka, shi ne ya kawo wannan saurayi da manhajar bibiyar aiki da ya ƙirƙira, a gwada ta mako shida. Kowane aiki yana da katinsa a allon kwamfuta. Katin yakan tashi daga masu zane ya je teburin gyaran rubutu, daga nan wajen inji, sai wajen ɗinki. In ya daɗe a wuri ɗaya fiye da ƙa'ida, sai ya koma ja. Auta, mai tsara jadawalin ayyuka, ita za ta rubuta rahoto: a ɗauka ko a bari.

Ma'aikata suka raɗa masa Injiniya, shi kuma ya raɗa mata Alƙaliya. Kullum da dalilin da zai kawo shi teburinta, wai zai duba ko linzamin kwamfutarta yana aiki. Linzamin nan bai taɓa ciwon kai ba.

A mako na uku ya turo mata saƙo: "Alƙaliyata, akwai wani aiki da ya maƙale a zuciyata tun ranar Litinin ta farko. Wa zan tura wa?"

Ta amsa: "Ka tura wa Babana. Amma ka sani, shi ko waƙafi ba ya yafewa."

Ba wasa take ba. Mahaifinta ne mai gyaran rubutu na maɗaba'ar, shekara talatin yana zaune a teburin da ke jikin taga.

A mako na huɗu teburin ya koma ja. Kati goma sha ɗaya, duk a gaban Baba. Manaja ya kira Auta ofis, ya juyo mata allon.

"Ban so na gani ba, amma ga shi. In rahotonki ya ce na'urar nan gaskiya take faɗa, Malam zai huta ƙarshen wata."

Ta fito. Kafin ta isa teburinta, shugaban masu zane ya riga ya buga shafin jajayen katunan a takarda ya kai wa Baba. Mutumin nan ya taɓa neman Auta ta ce masa a'a, kuma bai manta ba.

"Malam, ga tukwicin surukinka na gobe," ya ce, yadda kowa zai ji.

Da yamma a gida Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta kenan.

"Yaron da ya zo ya auna ni da agogo, shi kike so ya zauna a kan tabarmata? Kada ya sake ya tako ƙofar nan."

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Injiniya: "Kai ka nuna wa Manaja?"

"Wallahi allon a buɗe yake ga kowa, Alƙaliyata. Ki saurare ni."

"Kar ka ƙara kira na da wannan sunan."

Ta kife wayar tana kuka, don tana son sa, kuma ta san ba ƙarya ya yi ba.

Washegari da aka tashi cin abincin rana, ta je teburin Baba neman wani aiki da aka matsa mata a kai. Ta jawo aljihun teburin. Cike yake da shafukan da masu zane suka turo, kowanne ya sha jan biro: suna a birkice, layi ya ɓace, lambar waya ba daidai ba. A ƙa'ida mayar musu ake yi su gyara. Baba ba ya mayarwa. Shi yake zama ya gyara da hannunsa, katin yana ta ja a kansa, nasu kuma kore shar.

"Rufe mini aljihu," ta ji muryarsa a bayanta.

"Baba, ai wannan ce hujjar! Laifinsu kake ɗauka!"

"Biyu daga cikin yaran nan ba su cika wata uku da fara aiki ba. Ɗaya matarsa ta haihu makon jiya. In kin kai wannan ofis, su za a sallama. Ban yarda ba, Auta. Ki ce mini kin ji."

Ta ce ta ji. Kwana uku tana rubuta rahoton tana gogewa. In ta ce a ɗauka, ta kori mahaifinta. In ta ce a bari, ta rushe aikin shekara biyu na mutumin da take so, kuma wannan ce kasuwarsa ta farko.

Ranar taron gabatar da rahoton, ɗakin ya cika. Baba yana can ƙarshe, hannuwansa a kan gwiwa. Auta ta miƙe da takardar a hannunta.

"Manhajar tana nuna inda aiki ya tsaya, amma ba ta nuna abin da ya tsayar da shi. Shawarata kada a ɗauka."

"Ina hujja?" Manaja ya tambaya.

Ta kalli Baba. Ya girgiza kai a hankali. Shugaban masu zane har ya fara murmushi.

"To, Injiniya, kare kayanka," in ji Manaja.

Auta ta kasa kallon sa. Ta ji ƙarar kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa. Na gwada abin da ke shiga teburin nan da abin da ke fita, ba iri ɗaya ba ne. Ana aiki a wurin da ban tanadar masa gurbi ba. Kuskuren nawa ne. In kuka sallami mutum da wannan jan, kun zalunce shi da hannuna."

"Ka san abin da kake yi wa kanka kuwa?"

"Na sani."

Manaja ya rufe kwamfutar. Aka fasa ɗaukar manhajar, Baba ya zauna a teburinsa.

Injiniya yana naɗe wayoyinsa a jaka Auta ta tsaya a kansa, idanunta sun cika.

"Na kashe maka kasuwa."

"Kin gano mini rami kafin wani ya faɗa. Zan iya kiran ki da sunan nan yanzu?"

Kafin ta amsa, Baba ya ƙaraso yana gyara tabarau.

"Kai, yaro. Ka ga na wane ne kurakuran?"

"Na gani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kai ba ka faɗa ba."

Baba ya ce, "Shekara talatin ina nuna wa mutane kuskurensu, kowa sai ya ce inji ne. Yau na ga wanda ya ce nasa ne. Ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Angon bai samu wata kasuwar ba tukuna, yana dai sake gina manhajar daga tushe, kuma babu wanda ya ɓoye wa Baba haka. Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya kamo hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Ka rufa mini asiri ranar da tona shi zai amfane ka. Ga tawa nan, ita ce mafi tsada a abin da na mallaka. Allah ya yi muku albarka, ya rufa naku asirin duniya da lahira."

Auta ta ce amin, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.