Wa Ya Shiga Jikin Mizore?

Da hantsi wata budurwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Nakano, ta ce an sace mata jiki.

Sufeto Hirasawa ya ajiye kofin shayinsa. "Ga ki kuwa tsaye a gabana."

"Ba wannan ba, Yallaɓai."

Sunanta Chiaki Nagumo. Ta miƙa masa wayarta, ya ga zanen wata yarinya mai farin gashi da kunnen kyanwa tana waƙa.

"Mizore ke nan. Ni ce a cikinta. Gaban kyamara nake zama, in na yi murmushi ta yi, in na ɗaga hannu ta ɗaga. Dubban mutane na kallonmu kai tsaye, amma ba wanda ya san fuskata. Da ita nake ci."

Jiya da rana, Chiaki na wajen likitan haƙori, wani ya shiga ɗakin aikinsu ya kunna Mizore. Ya sauya murya da na'ura, ya yi wa masoyanta bankwana, sannan ya yi gaba da kwamfutar da take ciki.

Hirasawa ya je ya duba ƙofar. Ba a fasa ta ba. Ban da Chiaki, masu makulli su ne manajan kamfanin, Tokuda, da matar da ta zana Mizore, Malama Iwabuchi.

Ya koma ofis ya kalli bidiyon bankwanan a nutse. Kowane ɗan lokaci sai Mizore ta kai yatsa tsakanin idanunta ta tura sama, kamar mai gyara tabarau. Ita kuwa ba ta da tabarau. Chiaki ma ba ta sawa.

Tokuda ya tarbe shi da fara'a. Idonsa garau, ba tabarau.

"Ina ofis wuni guda, ranka ya daɗe."

"Mai gadi ya ce ka fita da tsakar rana."

Fara'ar ta ragu. "To, na je ganin wani sabon mai zane. Za mu sake wa Mizore fuska, yayin wannan ya wuce. Chiaki ba ta sani ba tukuna."

"Malama Iwabuchi fa?"

"Shekaranjiya na gaya mata."

Iwabuchi dattijuwa ce, ɗakinta cike da takardun zane. Ta zuba masa shayi.

"Na ji masu kallo Mama suke ce miki," in ji Hirasawa.

"Haka ake kiran duk wanda ya zana irinsu." Ta tura tabaraunta sama da yatsa. "Ni jiya ko ƙofar gida ban leƙa ba."

Ya kunna bidiyon ya ajiye wayar gabanta. Mizore ta kai yatsa tsakanin idanunta. Iwabuchi ta dubi nata yatsan, ta sauke shi a hankali.

"Kin cire tabarau don kyamara ta karanta fuskarki," in ji shi, "amma hannun bai san kin cire ba."

Daga nan ta buɗe kabad, ta ɗauko kwamfutar naɗe cikin bargo.

"Idanun Mizore na 'yata ne, wadda ta rasu tana makarantar sakandare. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai wani ya zo ya ce yayinsu ya wuce? Na gwammace ta yi sallama da fuskarta."

Hirasawa bai fito da ankwa ba. Ya jira ta sa takalmi, ya riƙe mata ƙofa.

A bakin ofis suka tarar da Chiaki.

"Mama, da kin gaya mini, ai da ban yarda a taɓa ta ba."

"Wa zai tambaye ki, 'yar nan?"

"Za su tambaye ni. In babu ni, Mizore ba ta da murya."

Iwabuchi ta daɗe tana dubanta, ta sunkuyar da kai, sannan ta bi Sufeto ciki.