Ƙafa Ɗaya a Kan Tsakuwa

"Vitus! Kar ka sauke ƙafar nan!"

Ihun Afra sai da ya danne ƙugin kogin Lech.

Can tsakiyar filin tsakuwar bakin ruwa, inda aka hana kowa takawa har tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa, ga saurayinta tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ya ci kwalliyar Lahadi, furanni a hannu.

Ita ce fa mai gadin wurin! Igiyar da ta kewaye filin da ita jiya kuwa babu ita babu dalilinta.

"Rabin raina, ai tun ɗazu ban sauke ba," in ji shi, gumi na tsiyaya. "Ɗayar ma ta daina amsa sallamata."

"Uban me ya kai ka ciki?"

"Gitti ce ta ce kina jirana a nan... wai in taho da zobe."

Gitti! 'Yar mai gidan abinci, wadda ta shekara biyu tana ƙara wa Vitus cuku ba tare da ya roƙa ba.

Vitus bai rufe baki ba sai ga Gitti ɗin tana turo keke, ta taso Baba Engelbert a gaba. Shekara talatin tsohon, mahaifin Afra, yana ƙirga tsuntsayen kwarin nan kafin ya miƙa mata aikin, kuma ya rantse ba zai ba direban kwalekwalen roba irin Vitus 'yarsa ba. Su ne, a cewarsa, masu jibge 'yan yawon buɗe ido a kan ƙwai.

"Ka gani ko, Baba Engelbert?" Gitti ta yi narai-narai da ido. "Wayyo, dubi, har ya karya wa tsuntsuwa fiffike!"

Da gaske kuwa, ga wata mitsitsiyar tsuntsuwa tana jan fiffike a ƙasa, tana kuka.

"Ƙarya take yi, lafiyarta ƙalau!" Vitus ya ɗaga murya. "So take in bi ta in bar mata gida. Afra ce ta koya min. Ina ganin ta fara wasan nan na san ƙwai na kusa, shi ne na ƙame."

Tsohon ya kafa madubin hangen nesa a ido, ya daɗe... sannan ya miƙa wa 'yarsa.

Ƙwai huɗu, kalar tsakuwa sak, daidai ƙarƙashin takalmin da ke sama.

"Sati uku muna neman sheƙar nan," Baba ya ce a hankali. "Fito da shi, kar su huce."

"Baya-baya, masoyi," in ji Afra, ido a madubi. "Kan farin dutsen can. Hagu... hagu na ce, kai wai wace makaranta ka yi?"

"Taki!"

Dutse bayan dutse ta fito da shi. Yana taka ciyawa sai ya zube a gwiwa, tim!

"Kar ki ɗauka salo ne, ƙafar ce ta mutu. Amma tunda na zo ƙasa..." Ya zaro zobe. "Za ki aure ni?"

Afra ta kalli mahaifinta.

Shi kuwa kwandon keken Gitti yake kallo, inda jelar jar igiya ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi.

"Gitti, wannan igiyar shanya kika zo yi da ita?"

Gitti ta haye keke. Ko igiyar sai a hanya ta jefar.

Can tsuntsuwar ta naɗe fiffikenta sumul, ta koma ta kwanta a kan ƙwanta.

Baba ya yi gyaran murya.

"Wanda ya jure rabin awa da ƙafa ɗaya zai jure bakin Afra. Amma ba biki sai 'ya'yan nan sun tashi sama. Kafin nan, gadin safe naka ne."

"Baba, ni fa ban ce na yarda ba!"

"To mayar masa da zoben, ai har kin sa."

Ta dubi yatsanta, ta rufe fuska tana dariya.

A watan Agusta aka ɗaura aure, 'ya'yan tsuntsuwar huɗun nan duk sun tashi. Da aka buɗe filin rawa, ango ya ɗage ƙafa ɗaya ya ƙame.

"Mene ne kuma?" amarya ta tambaya.

"Jira nake ki ce min hagu ko dama."