Kwana Casa'in a Manhajar Ofis

"Share hawayenki, Auta. Nan wurin aiki ne."

Yayanta ne, shi ne kuma manajan kamfanin. Ba ta ɗago ba. Idonta na kan kwamfuta, inda koren ɗigon da ke gefen hoton Dogo ya mutu.

Dogo mai gyaran na'urori ne ya kafa musu manhajar hirar ma'aikata bara, aka huta da yawo da takarda ofis-ofis. Akwai zauren kowa, akwai na mutum biyu. A na biyun soyayyarsu ta tsiro. Ko lambar waya ba su taɓa karɓa ba. Me za su yi da ita, ga manhaja?

Ranar Litinin hannunsa ya kuskure.

"Hasken idona, yaushe zan zo gaban Yaya?"

Zauren kowa saƙon ya faɗa. Ya goge da sauri, amma sakatariya, wadda ta daɗe tana sonsa, ta riga ta ɗauki hoto ta kai wa Yaya, shi kuma ya kira Auta.

"Mai kwance waya a ƙarƙashin tebur? Ke ce hasken idon nasa?"

"Yaya, ni..."

"Rubuta masa ina gani."

Ta rubuta: "Malam, ban san ka ba sai a aiki."

Kafin a tashi aka sallame shi, aka rufe shafinsa.

Manhajar ba ta riƙe saƙo fiye da kwana casa'in. Kullum da safe Auta kan tarar tsofaffin sun ragu. Tsokanar da yake mata kan makara ta tafi. "Kin ci abinci, gimbiya?" ta bi baya.

"Har yanzu gawa kike gadi?" in ji sakatariya, tana ajiye fayil. "Mutumin ya bar gari."

"Ina ya tafi?"

"Ai ba ki san shi ba."

Auta ta ja fayil ɗin ta buɗe.

Ranar ta casa'in ta riga kowa zuwa. Nasa duk sun ƙare. Layi ɗaya ya rage, nata.

Ta rubuta a ƙasansa: "Ƙarya na yi, masoyina... Ka zo gaban Yaya."

Ta danna.

Manhajar ta amsa: wannan mutum ba ya cikin ma'aikata.

Washegari ko ƙaryar ba ta samu ba.