Kati Uku Cikin Tukunya

Duk wanda ya zauna Abakpa ta Kaduna a daminar 1979 ya san fuskar Labaran Sabo ko bai so ba, domin har jikin bishiyoyi an manna hotonsa. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, shekara goma sha huɗu yana buga takardun da wasu ke sa wa hannu. Da soja suka ce za su miƙa mulki, sai ya ajiye aiki ya fito neman kujerar majalisar wakilai ta Ikko. Ni dai ban ga laifinsa a nan ba, laifin yana gaba.

Abokin karawarsa Malam Tijjani ne, tsohon hedimasta, wanda rabin magidantan unguwar suka sha bulalarsa suna yara kuma har gobe suna gode masa. In Labaran zai tara mutane sai ya ɗauko makaɗa. In Tijjani ya tsaya sayen goro, taro ya haɗu. Wannan abu ya hana Labaran sakat. Ba ya iya gama kwanon tuwo a zaune. Ya fita, ya dawo, ya leƙa titi, ya tambayi wa ya yage hotonsa na bakin masallaci.

Saura kwana tara zaɓe, direbansa, wani Bazamfare, ya ce, "Yallaɓai, akwai wani mutum bayan Rigasa. Ba shi duba, ba shi rubutu. Aiki ɗai yaka yi."

Da rana tsaka suka je. Inda hanyar mota ta ƙare Labaran ya taka shi kaɗai har gindin wata tsamiya da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. Bukka ce a jingine da dutse. A ciki akwai baƙaƙen tukwane uku, kowace an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, gashin kaza ya manne a bakinsu da busasshen jini. Wurin yana warin tsohuwar rijiya. Bokan ɗan tsamurmurin tsoho ne, bai amsa sallama ba.

"Kujera kake so," in ji shi.

"Ita nake so."

"Manomi ba ya girbi sai ya binne iri. Ƙuri'a ma haka take. Ka kawo mini katin zaɓe uku, na mutanen da za su zaɓe ka ko ba ka ba su ɓarin goro ba."

Labaran ya yi ajiyar zuciya. "Kati kawai? Ba baƙin bunsuru?"

"Bunsuru ya san ka ne?"

"To in na ci, za a mayar mini da su?"

Boka ya ɗago ido. "Ka taɓa ganin wanda ya tono iri bayan ya tsiro?"

Wallahi Labaran ya ji wannan magana, kuma ya gane akwai lauje cikin naɗi. Amma mai son abin duniya kunnensa na ado ne.

Matarsa Hasiya ko tambaya ba ta yi ba, ta miƙa masa nata. Wansa Idris, tela, ya daɗe yana kallonsa kafin ya zaro nasa daga aljihun keken ɗinki. Na Inna ne ya yi wuya. Mahaifiyar tasa ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarta, don haka katin yana naɗe cikin kallabi a ƙasan kwalla, tare da murjaninta.

"Za a duba lamba ne a ofishin jam'iyya, Inna."

"To ka dawo mini da abina. Na haife ka, na yaye ka, saura in zaɓe ka. Dubi, har na iya." Ta nuna masa bango. Ashe kullum sai ta shafo baƙin tukunya da babban yatsa ta dangwala, tana koyo. Tambarin yatsanta ya fi ashirin a jere.

Washegari boka ya jefa na Inna a tukunyar farko, na Hasiya a ta biyu, babu wanda ya yi ƙarar faɗuwa. Na ukun ya sansana, ya wurgo masa.

"Wannan ba naka ba ne. Mai shi Tijjani zai zaɓa."

Labaran ya bi katin da kallo. Yaya Idris! Uwa ɗaya uba ɗaya!

"Uku na ce," in ji boka, "kuma inuwa ta fara karkata. In ta taɓa dutsen can, aiki ya ɓaci. Wa ya rage da zai zaɓe ka kyauta?"

Labaran ya zaga Kaduna kaf a zuciyarsa, daga makaɗa har 'yan manna hoto, bai samo kowa ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro nasa katin.

Ranar zaɓe Inna ta ci ado tun da hantsi. Ya ce mata katunan sun ɓace a ofis. Ta cire mayafinta a hankali ta ninke. "Ba komai, Allah ya ba ka sa'a." Ya kuwa ci, har a rumfar da ke ƙofar gidan Malam Tijjani.

Kafin a rantsar da shi 'yan kwangila sun fara layi a zaurensa. Ga Marsandi, ga lasisin shigo da shinkafa, ga gidan bene a Unguwar Dosa. Ya je shagon Idris ya jefa masa katinsa a kan keke a gaban mutane, ya ce, "Je ka zaɓi ubanka Tijjani." Idris ya ci gaba da ɗinkinsa.

Babban yatsan Inna ne ya fara baƙi, kamar ba ta wanke shi ba. Baƙin ya hau hannu, ya hau kafaɗa. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Ranar da yake ɗaga Alƙur'ani a Ikko, a ranar aka kai ta makwancinta. Bayan arba'in Hasiya ta fara tsayawa a bakin ƙofa tun safe da mayafi, ta ce layi take bi, kada a wuce ta. Ba ci, ba sha, ba zama. Rana ta sha ɗaya ta faɗi, ba ta tashi ba.

A guje Labaran ya koma bayan Rigasa. Babu bukka, babu boka, sai tukwanen nan uku a binne, karan gero ya fito daga kowace. Biyu an yanke musu kai. Na ukun ya nuna, yana rangaji, alhali ko iska ba a yi. Ya durƙusa ya tona har faratansa suka fita, bai sami komai ba sai baƙar ƙasa. Daga nan bai sake sanin inda kansa yake ba.

Mota da bene suka bi ruwa, 'yan kwangila suka koma wani zauren. Idris ne ya tsinto shi a titi ya mai da shi ɗakin Inna na Abakpa, shi ke yi masa aski, shi ke ba shi abinci a baki. Na taɓa tambayar Idris me ya sa ya so ya zaɓi Tijjani. Ya ce, "So na yi ya faɗi ya dawo gida, mu ci tuwo tare. Na ga yadda kujerar nan ta hana shi zama tun bai hau ta ba."

Ku da kuke sha'awar hoto a bango, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar abin da za ka iya saya, sai wanda aka ba ka kyauta. Labaran yana nan a ɗakin, bai iya zama. Wuni yake yana shafo baƙin tukunya yana dangwalawa kusa da yatsun uwarsa, kuma duk wanda ya leƙo sai ya tambaye shi, "Ka ga katin Inna? Na ce zan dawo mata da shi."