Jambaki a Goshin Baba

"Ka ajiye injin nan, Torleif. Ka tsufa da yankan itace," in ji Mama.

"Ke ma kin tsufa, amma ban ajiye ki ba." Baba ya juya wajen Halvard. "Mai taswira, zo ka ga aikin maza. Ko hannun naka na fensir ne kawai?"

Halvard ya yi murmushi.

Ranar ce zuwansa na farko gidanmu na katako da ke bakin teku, bikinmu saura wata biyu. Abu ɗaya Baba ya taɓa tambayata a kansa: "Ba dai sojan ruwa ba ne ko, Tuva?" Na ce a'a, taswirar ƙasan teku yake zana wa wani kamfani a birnin Bergen. Haka ya gaya min. Tun da aka kawo mana gawar yayana Sindre daga wani atisayen sojan ruwa, Baba ya rantse mai wannan kakin ba zai sake taka gidansa ba.

Ina zuba kofi na ji kukan injin ya canza. Sai shiru.

Baba na zaune a ƙasa yana kallon cinyarsa kamar ta wani. Jini na tsartuwa har kan itacen.

Na kasa motsi. Halvard kuwa har ya tsallake baranda.

"Tuva, kira asibiti. Ce musu jijiyar cinya ce, yana cikin hayyacinsa. Ragnhild, kawo bargo."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ya zaro wani baƙin maɗauri mai 'yar sanda daga aljihun rigar sanyinsa, ya zarga shi sama da raunin, ya shiga murɗawa.

"Sassauta, ɗan banza... za ka cire min ƙafa!"

"A'a," in ji Halvard. Ya ƙara murɗawa har jinin ya tsaya. Ya dubi agogo, ya miƙo min hannu. "Jambakinki."

Na ba shi. Ya share goshin Baba da hannun riga, ya rubuta harafi ɗaya da lokaci, da jan nan da na sayo don ranar aurenmu.

Bargon ya faɗi daga hannun Mama.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ragnhild, ki rufe shi tukuna..."

"A goshin ɗana na ga wannan rubutun. Sun wanke shi, bai fita duka ba. Kai wane ne?"

Halvard bai ɗauke hannunsa daga maɗaurin ba. Ni ya kalla.

"Sashen leƙen asiri na sojan ruwa. Taswirar gaskiya ce. Kamfanin ne babu."

"Shekara biyu muna tare, Halvard..." na ce.

"Abin da nake yi a can, doka ta hana ni faɗa. Ɓoye kakin kuwa ba doka ba ce, masoyiyata. Tsoron rasa ki ne."

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke Baba da Mama. Na cire zoben baikonmu na sa a aljihu, na ja motar zuwa asibiti. Halvard na gefena, jinin mahaifina na bushewa a hannunsa.

Washegari likita ta ce ƙafar ta tsira. Baba ya hana a goge masa goshi, ya ce a shigo da maƙaryacin.

Halvard ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Matso, ba ni da ƙafar harbinka." Baba ya nuna goshinsa. "Wannan, na mene ne?"

"Don likita ya san tun yaushe jini ya daina zuwa ƙafar. Da shi zai san ko za ta tsira."

"Gawa fa? Ana rubuta mata?"

"A'a. Sai mai rai. Wanda ake kokawar cetowa."

Mama ta zauna a bakin gado kamar an tura ta.

"Shekara shida," in ji Baba a hankali, "ina zaton lamba suka sa wa yarona. Kamar kaya."

"Wani ya durƙusa a kansa, Torleif. Ban san ko wane ne ba. Amma ya yi abin da na yi jiya, kuma bai fid da rai ba."

Baba ya juya fuskarsa bango. Kafaɗunsa na rawa. Ko a maƙabarta ban ga haka ba.

Da ya juyo, ya dubi Halvard.

"Ranar bikin kada ka sa kakin nan." Ya goge ido. "Ko ka sa. Ka dai tsaya inda zan gan shi."

A waje Halvard ya tare ni.

"Tuva..."

"Shi ya yafe. Ni ban yafe ba tukuna."

"Na sani."

"Kuma ka ƙarar min da jambaki."

Na lalubo zoben daga aljihu. Na fara mai da shi yatsana. Ya riƙe min yatsan, hannunsa na rawa, shi da jiya ko gezau bai yi ba.